Takalman Anti Sadiya

Duk wanda ya san Malama Harira a Kinkinau zai gaya maka mace ce mai kirki, kuma bai yi ƙarya ba. Ba ta rowa, ba ta gulma sai wadda ta kama dole, in an yi rasuwa a unguwa ita ce ta farko da bokitin kunu. Abu ɗaya Allah Ya jarrabe ta da shi: in abu nata ne, tana so a ce nata ne. Kuma ba ta so sai ta roƙa sannan a faɗa.

'Yar Malam Idi mai takalma ce, Bakatsinen da ya zo Kaduna da ƙuruciyarsa ya kama rumfa a Babbar Kasuwa. A rumfar nan ta yi wayo. In an tashi daga firamare can take wucewa, ta hau kan buhu tana kallon mahaifinta yana ciniki. Malam Idi ba ya barin takalmi a yashe. Duk biyun da mai saye ya gwada ya watsar, sai ya ɗauka ya manna ƙasan wannan da ƙasan wancan, ya jingina su a tsaye jikin katako. Da yamma ido kawai zai ɗaga ya san abin da ya rage masa. Harira ta ɗauke wannan hannun nasa ba ta ma sani ba. Har yau in baƙi suka cika mata ɗaki, in sun fito sai su tarar da takalmansu a jingine biyu-biyu jikin bango.

Ta yi karatun malanta a Zariya, ta dawo aka tura ta koyar da kemistiri a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Ta auri Malam Yakubu tela, mutum mai sanyi wanda in ka ji muryarsa ta tashi to da keken ɗinkinsa yake faɗa. Suka haifi maza biyu, aka daɗe, sannan autarsu Sumayya ta zo. Amma kada ka ɗauka 'ya'yan malama sun sha karatu a gida. Haƙurin Harira a makaranta yake ƙarewa. In ta dawo ta cire hijabi, wanda ya kawo mata littafi zai ji abin da bai shirya ji ba.

Shekarunta na farko a aji ba su yi mata daɗi ba, musamman in an zo kan haidirokabon, wato sinadaran da babu komai a jikinsu sai kabon da haidirojin, dangin gas ɗin girki da kananzir da fetur. Akwai wani lissafi da masu jarrabawa ba sa gajiya da shi. Za su ba ka yawan kabon, su gaya maka yadda suka ɗaure juna, su ce ka fito da yawan haidirojin. Littafi ya ce cikakken sinadari yana da haidirojin ninki biyu na kabon ɗinsa da ƙarin biyu, kuma duk inda aka sami giɓi, ko ɗauri biyu ko zobe, a cire biyu. 'Yan mata su haddace tsaf, su rera mata kamar karatun allo, ranar jarrabawa kuma su rubuta abin da ko a mafarki ba a taɓa haɗawa ba. Wata ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa biyu? Me ya sa ba uku ba?" Harira ta san amsar, amma ta rasa yadda za ta sa yarinyar ta gani da idonta, abin ya tsaya mata a rai.

Wata rana an idar da azahar, tana wucewa ta ƙofar masallacin makaranta, sai ta ga tsibin takalman 'yan aji biyar, su kuma suna ta turereniya kowace na neman nata. Ta ja ta tsaya. Ta yafito wata doguwa.

"Ke, zo nan. Daga yau sunanki kabon. Hannu nawa gare ki?"

"Biyu, Malama."

"Ƙafa fa?"

"Biyu."

"To shi ma kabon wurin riƙo huɗu gare shi. Sa takalminki. Karɓi waɗannan biyun ki zura hannuwanki a ciki."

Yarinya ta tsaya da takalmi a ƙafa, takalmi a hannu, sauran suna faɗuwa don dariya. Harira ta ce kowane takalmi haidirojin ne, su ƙirga. Kabon ɗaya, haidirojin huɗu. Ta kira wasu biyar ta shirya su haka, ta ce su yi layi su riƙe hannun juna. Ba a riƙe hannu da takalmi a ciki, dole aka zubar. Da layi ya haɗu ta ce a sake ƙirgawa: kowace da biyu a ƙafa, sha biyu ke nan, na bakin layi biyu kuma kowace da sauran guda a hannun da ba wanda ya riƙe. Sha huɗu. Ninki biyu da ƙarin biyu, ga shi nan a tsaye a tsakar makaranta yana dariya.

"To ku biyun bakin layi, ku zagayo ku riƙe juna."

Suka zagayo, takalmi biyu suka faɗi ƙasa, zobe ya rufe. Harira ta sunkuya ta ɗauke su, ta manna ƙasan wannan da ƙasan wancan, ta jingina jikin bango. Giɓi ɗaya. Ta ce wasu biyu da ke kusa da juna kowace ta cire takalmi guda su haɗa ƙafa, wannan shi ne ɗauri biyu, wasu biyun suka sake hawa bango. In an cire duka ƙafafun an haɗa, ɗauri uku ke nan, huɗu sun tafi. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun yi sinadarin da ake kira benzin: mutum shida a zobe, kowace da takalmi ɗaya tal, suna tangaɗi suna riƙe juna, jingine huɗu a bango. Yarinyar nan mai tambaya ta dubi bangon ta ce, "Au! Ashe shi ya sa biyu."

Daga ranar ba ta sake shan wahalar wannan darasin ba. In ta rubuta musu kabon biyar da haidirojin takwas, kafin ta juyo sun ce sha biyu ya kamata a samu, huɗu sun tafi, jingine biyu ke nan: ko ɗauri biyu sau biyu, ko ɗauri uku, ko zobe da ɗauri biyu, ko zobe biyu. Shekara da shekaru ana haka. 'Yan makaranta suka sa wa abin suna Takalman Malama. Ba sai an ce wace Malama ba, domin a lokacin ita kaɗai ce.

A cikin waɗanda suka taɓa tsayawa a bakin layi akwai wata siririya marar magana, Sadiya, 'yar wani direban Keke Napep da ya taso daga Zamfara ya zauna a Mando. Harira ta so yarinyar nan. Ita ta matsa wa ubanta ya bar ta ta tafi jami'a, ita ta ɗinka mata kayan tafiya a shagon Malam Yakubu. Ranar da Sadiya ta dawo da digiri aka turo ta wannan makarantar dai, Harira ta zagaya da ita ofis-ofis tana cewa, "'Yata ce wannan, ni na raine ta." Aka raba musu aji biyar, kowace da nata ɓangaren.

Zangon da aka zo kan haidirokabon, Harira na cikin ofishin malamai ta jiyo shewa a tsakar makaranta. Ta leƙa ta taga. Sadiya ce da 'yan ajinta, takalma a hannu, har da jinginawa jikin bango, ƙasa manne da ƙasa. Da farko daɗi ta ji, gaskiya. Sai dai ta lura shewar ta fi wadda ake yi mata ƙarfi. Sadiya tana cire nata takalmin ta shiga layi, abin da Harira ba ta taɓa yi ba, ita da ko a gidan biki ba ta sakin jiki. 'Yan mata ba sa ce mata Malama, Anti suke cewa. Wata a cikin malamai ta ɗauki abin a waya ta saka a intanet, kafin ka ce me ya zagaye gari. Aka rubuta a ƙasansa: Takalman Anti Sadiya.

Ƙanwar Malam Yakubu ce ma ta turo wa Harira bidiyon daga Kano, ta haɗa da saƙon murya: "Yaya, kin ga wata haziƙa a makarantarku? Ku dinga koyi da yaran nan." Harira ta saurara sau ɗaya, bidiyon kuwa ba ta san sau nawa ta kalla ba. Kishi ne ya kama ta, kishi tsagwaronsa, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Malam Yakubu ya ce, "To ki gaya musu mana naki ne." Ta dube shi kamar ya zage ta. "In bi mutane ɗaya-ɗaya ina cewa ni ce? Ita ba ta da baki?"

Sadiya tana da baki, kuma ta faɗa. A ofishin malamai ta ce a wurin Malama ta koya, aka ce Allah Sarki, aka ci gaba da cin gyaɗa. Ta zo har teburin Harira ta durƙusa ta ce, "Malama, don Allah ki zo mu haɗa azuzuwan mu yi tare, yaran za su ji daɗi." Ita da zuciya ɗaya ta faɗa. Harira kuwa abin da ta ji shi ne ana gayyatarta baƙunta a ɗakinta. Ta ce tana da aikin dubawa.

Abin da ya ƙarasa ta bai fi jimla ɗaya ba. Ta fito da nata ajin tsakar makaranta kamar yadda ta saba tun kafin a yaye wasu daga cikin malaman, sai wani sabon malamin lissafi, Malam Sharhabil, ya wuce yana murmushi ya ce, "Kai, madalla! Malama, ke ma kin ɗauki salon Anti Sadiya ke nan?" Bai san komai ba, bawan Allah, a watan nan aka kawo shi. Harira ta ce wa yara kowace ta sa takalminta a koma aji. Daga ranar ba ta sake fitowa ba. Ta koma allo da alli, ninki biyu da ƙarin biyu, a cire biyu, a haddace. Amma duk ranar da ta ji shewa a waje, sai ka gan ta a bakin taga da jan biro a hannu, wai iska take sha. Tana ganin inda Sadiya ta yi sauri, tana ganin inda ta ƙara abin da ita ba ta taɓa tunaninsa ba, kuma wannan na biyun ya fi ci mata rai.

Haka aka yi shekaru. A tsakanin nan Sumayya ta gama ƙaramar sakandare a unguwa ta shigo makarantar, ta tarar da Takalman Anti Sadiya a matsayin abin da kowa ya sani, kamar ƙararrawa da bishiyar darbejiyar bakin ƙofa.

Sai ranar taron iyaye da malamai. Ana cikin maganar rufin ɗakin gwaje-gwaje, wani Alhaji Musa mai sayar da atamfa ya miƙe da waya a hannu. Ya ce shi karatu ya kawo 'yarsa, bai kawo ta ta tsaya da ƙafa ɗaya a waje tana tsalle duniya na kallo ba. Wasu iyayen suka ce gaskiya ne, wasu suka ce ai yaran suna ganewa. Hayaniya ta tashi. Shugabar makaranta, Hajiya Lami, mace ce da ba ta son rigima ta kwana a ofishinta, ita ma ba ta daɗe da zuwa ba. Ta juyo ta ce, "Malama Harira, ke ce babba a ɓangaren kimiyya. Tsakani da Allah, wannan abin ilimi ne ko wasa?"

Sadiya ta ɗago kai ta dube ta, fuskarta a sake, irin kallon wanda ya ga nasa ya iso. Da Harira ta ce ilimi ne, da magana ta ƙare, a hana ɗaukar bidiyo kawai. Ta san haka. Amma ta san kuma abin da za a fita da shi a baki: Malama Harira ma ta yaba wa dabarar Anti Sadiya. Ta gyara zaman hijabinta ta ce, "Hajiya, ni a ganina wasa ne. Kemistiri a allo ake koyonsa. Wanda ya iya ba ya buƙatar tara takalman mutane."

Aka hana. Sadiya ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta. Washegari ta gaishe da Harira kamar kullum, har da durƙusawa, kuma wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. Zango na ƙarewa ta nemi canji zuwa wata makaranta kusa da gidansu a Mando. Maganar Malama kuwa ta zagaye azuzuwa, har yara na kwaikwayon muryarta: kemistiri a allo ake koyonsa.

Harira ta zaci za ta ji sanyi. Tsakar makaranta ta yi tsit, ba shewa, ba mai ce mata salon wance. Ta kan tsaya a bakin taga har yanzu, ba ta san me take nema ba.

Da shekara ta juyo Sumayya ta shiga aji biyar, ta faɗo ajin mahaifiyarta. Aka zo kan haidirokabon. Harira ta cika allo da rubutu, ta yi bayani, ta maimaita, ta juyo ta ga idanu arba'in da wani abu suna kallonta irin kallon shekarunta na farko. A gwajin da ta yi musu, 'yar cikinta ta rubuta wa zoben kabon shida haidirojin sha huɗu. Harira ta zagaye shi da jan biro har takardar ta huje.

Ranar wata Asabar da la'asar, jarrabawa ta matso, ta dawo daga barka ta jiyo dariya tun daga zaure. Ta shigo ta tarar da Sumayya da ƙawayenta biyar a tsakar gida, sun kwashe takalman gidan kaf, har da silifas ɗin banɗaki da sau-cikin Malam Yakubu na Juma'a. Suna ganinta suka daskare, kowace da takalmi a hannu.

Sumayya ce ta yi ƙarfin hali. "Umma, don Allah kar ki yi faɗa. Na san kin ce wasa ne. Amma wallahi da shi muke ganewa. Bara ta taga muke leƙen Anti Sadiya in tana yi wa 'yan aji biyar. Ki zauna ki gani sau ɗaya kawai, in bai yi ba mu daina."

Maganar ta zo wa Harira har baki. Ta so ta ce, ke, tun ba a haife ki ba nake wannan. Ta so ta ce hannun kakanki ne, na rumfar Babbar Kasuwa. Amma ga yara biyar 'yan makarantarsu a tsaye, kowace ta san abin da Malama ta faɗa a gaban iyayensu. In nata ne, me ya sa ta kashe shi? Wace amsa za ta ba 'yarta? Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ko hijabi ba ta cire ba.

Sumayya ta shiga yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda ake tsoron ba zai gane ba. "Kin ga Umma, kowace a cikinmu kabon ce. Hannu biyu, ƙafa biyu, huɗu ke nan. Takalmi shi ne haidirojin." Suka yi layi, suka ƙirga sha huɗu. Harira tana kallo, kishi na cin ta, daɗi kuma na cin ta, domin yarinyar ta iya, ko kuskure ɗaya babu. Na bakin layi suka zagayo za su rufe zobe, suka yi jifa da takalman hannunsu, ɗaya ya faɗa gindin randa, ɗaya ya gangaro gaban kujerarta.

"To yanzu nawa suka rage?" in ji Sumayya. Suka fara ƙirgen ƙafafu, wannan na cewa sha biyu, waccan na cewa a sake.

Harira ba ta yi shawara da kanta ba. Hannunta ne ya kai ƙasa ya ɗauki na gabanta, ta miƙa ta jawo na gindin randa, ta manna ƙasan wannan da ƙasan wancan, ta jingina su a tsaye jikin bango.

"Ba ƙafa za ku ƙirga ba," ta ce. "Bango za ku duba. Giɓi ɗaya, an cire biyu."

Sumayya ta dubi takalman da ke jingine, ta dubi mahaifiyarta, sai fuskarta ta washe da murna.

"Lah, Umma! Wallahi haka Anti Sadiya take jingina su, sak! Ashe ke ma kina leƙenta ta taga?"

Harira ta daɗe tana kallon bangon.

"Ina leƙenta," ta ce. "Ku ci gaba. Saura ɗauri biyu."